Tuwon Sama na Malam Ɗantani

Malam Ɗantani ya ce tun da ya sauka Wudil bai taɓa hura wuta ba, daga sama ake sauko masa da tuwo. Ranar Lahadi ya faɗa, a rumfar zanan nan ta bayan Sabon Gari inda masu bin Yesu ke sujada, yana riƙe da tabaraunsa a hannu, don in ya sa su ba ya gani sosai. Ya ce kullum da magariba yakan gangara bakin kogi ya gana da Ubangiji, kafin ya dawo sai ya tarar an ajiye masa a ƙofar ɗaki, da zafinsa, da miyarsa, an rufe da faifai. Ya ce an taɓa yi wa wani annabi haka a zamanin da, hankaki ke kai masa, amma shi wancan gurasa ce da nama, ba a ambaci miya ba.

Masu sauraron ba su da yawa. Akwai wani akawu mutumin kudu da matarsa, waɗanda rabin Hausar ke wuce su. Akwai wani tsohon kafinta da ba ya ji sai an yi masa ihu. Sai Talatu, can ƙarshen tabarma, wajen da rana ke shigowa. Akawu ya ce amin. Matarsa ta ce amin. Talatu ta dubi tafin hannunta inda taɓarya ta yi mata kanta, ita ma ta ce amin.

Ita ke tuƙa tuwon.

Ba da niyyar mu'ujiza ta fara ba. Talatu 'yar Maguzawan wani ƙauye ce a bayan Kausani. Ta raka mijinta Auta asibitin mishan da ciwon ƙirji, shi bai dawo ba, ita ta dawo da baftisma da wani Littafi mai baƙin bango da ba ta iya karantawa. A gida ba wanda ya kore ta. Ranar da ta ce ba za ta ƙara dafa giyar tsafi ba, ba wanda ya ɗaga mata murya. Hira ce dai ta riƙa mutuwa in ta iso, ta tashi in ta wuce. Da abin ya ishe ta, ta ɗaure kayanta ta zo Wudil, ta sami ɗaki a gidan Hansai, wata tsohuwa Musulma mai ƙuli-ƙuli, wadda miji da 'ya duk suka riga ta gidan gaskiya. Tana taya ta suyar gyaɗa da matsar mai, ranar Juma'a ta ɗauki tire ta shiga kasuwa. Karatu kuwa a tsaye ta koye shi. Ajin yaƙi da jahilci na maza ne, a gindin wani durumi, ita sai ta tsaya daga nesa kamar mai gyara gammo, har baƙaƙen suka fara yi mata magana.

Su kaɗai ke yi mata magana. Matan unguwa suna kulle, in ta shiga da tallan mai su saya su ce a gaida Hansai. A wajen sujada matar akawu takan yi mata murmushi, su gaisa, Hausar ta ƙare, su ci gaba da murmushin har kumatu su gaji. In ta koma ɗaki takan durƙusa ta ce, "Ubangiji, kai ka raba ni da gida ka kawo ni nan. To ga ni. Me zan yi maka?" Sai ta yi shiru ta saurara. Takan ji kurciya. Takan ji jakin maƙwabta. Wani lokaci takan ji Hansai tana zagin akuya.

Ana haka aka aiko musu da Malam Ɗantani. Ya iso da akwatin ƙarfe, da malafar Turawa, da ƙararrawar keke. Keken ya ce yana tafe. Damina ɗaya ya yi a makarantar Littafi, ya ce sauran ya gane su da kansa. Da ƙararrawar yake kiran sujada, yana tsaye a bakin rumfa yana kaɗa ta da babban yatsa, mutane suna kaucewa daga hanya.

Talatu ta gan shi wata rana a bayan rumfa yana ɓare ɗanyar gyaɗa yana watsawa a baki da sauri, yana waige. Wuyansa ya yi tsawo a cikin kwalar riga. A ƙauyensu baƙo ba ya kwana da yunwa. Amma bazawara ta ɗauki tuwo da rana tsaka ta kai wa gwauro, kafin ta dawo gida an gama sa ranar aure a bakin rijiya. Sai ta jira magariba, lokacin da maza suka shiga sahu, mata suka shimfiɗa ɗankwali, lungu ya zama ba kowa. Ta ajiye masa tuwon a ƙofar ɗaki ta juyo. Da ta dawo ta tarar Hansai ta ajiye mata ɗan ƙoƙon fura a ƙofar ɗaki, kamar kullum. Wannan ba ta ɗauke shi komai ba. Hansai ce kawai.

Kowa ya san yadda ake yi. Wanda aka kai wa tuwo, ya wanke kwano ya mayar, ko da ɗan gishiri a ciki. In bai san mai shi ba, ya kife shi inda ya tarar, mai shi zai zo. Da safe Talatu ta bi ta wajen. Ba kwano. Ta ce ko mantuwa ce. Ta kai a wani. Shi ma bai fito ba. Sai ga Lahadi ta zo, ta ji daga inda tuwon yake.

Bayan sujada Malam Ɗantani ya ɗaga labulen ɗakinsa ya nuna musu. Ga kwanukanta a jere kan akwati, an wanke su tas, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ya ce kayan sama ba a mayarwa, shaida ce.

Ta so ta yi magana. Amma ga akawu yana girgiza kai yana cewa abin mamaki, ga kafinta yana tambayar me aka ce. Ta ina mace za ta fara? Kuma ta riga ta yi tuntuɓe da wani wuri a Littafi inda aka ce alheri a ɓoye ake yin sa. Da ta ƙara tunani a hanya, sai ta ga kamar Malam bai yi ƙarya duka ba. Hanya ce bai sani ba, amma mai aiken ya san shi. Wa ya sa mata abin a zuciya? Mutumin da Ubangiji zai ta da mace ta yi masa surfe da niƙa, ai ba ƙaramin mutum ba ne a wurinsa. Ta tambayi kanta, ita wa aka taɓa tayarwa dominta? Ba ta tuna kowa ba.

Ta ci gaba da kaiwa. Kwanukanta suka ƙare, ta koma ƙwarya. Ƙwarya ta ƙare, ta fara leƙa ɗakin Hansai.

"Iya, ara mini akushi."

"Ina naki?"

"Na kai wa baƙo tuwo."

"Ina na jiya da na ara miki?"

"Yana can."

Hansai ta daina murza tunkuza, ta ɗago ta dube ta. "Shi baƙon naki har kwanon yake haɗiyewa?"

"Ajiyewa yake."

"Ajiyewa. Aure zai yi wa 'yarsa?" Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo akushi. "Ungo. Kuma miyar nan taki tun daga nan nake jin lami ce. Ɗebi daddawa a tulun can. Ba za a ce daga gidana aka fitar da wannan ruwan ba."

Haka aka yi ta yi, damina ta ja baya, dawa ta fara sunkuyar da kai. Wuyan Malam Ɗantani ya cika kwala. Wa'azinsa ma ya ƙara tsawo. Ya ce wata rana ya dawo da wuri har ya ji motsin fukafukai a bayan zana. Talatu ta tuna ranar. Zanenta ne ƙaya ta kama. Ya ce miyar tana da wani ƙamshi da ba na duniyar nan ba, wanda bai ci ba ba zai gane ba. Ɗakin Hansai kuwa sai ƙara faɗi yake. Daga ƙarshe ba abin da ya rage sai wata langa mai furanni, ta kayan auren 'yarta Indo, wadda ta rasu wajen haihuwa. Hansai ta daɗe tana riƙe da ita kafin ta miƙa.

"Wannan ba ta kwana a waje," in ji ta.

Ta kwana.

Ranar wata Juma'a, Talatu na zagaye da tire a gefen kara inda ake cinikin shanu, sai ta ji an ce, "Mai ƙuli, ba kya gaida mutane?" Yayanta ne Labaran, ya kawo bunsuru. Suka koma inuwa suka gaisa, ya gida, ya yara, ya ruwa, ya su wane, har aka zo kan kare. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Kin rame."

"Aiki ne, Yaya."

"Aikin wa? Su mutanen Littafin naki, me suka ba ki? Sarautar mata?"

"Ba a ba ni komai ba tukuna."

"Tukuna." Ya ɗauki ƙuli ɗaya ya jefa a baki. "Ɗakinki na nan, kaji ne a ciki. Ga kaka ta zo, hannu muke nema. Ki zo da Littafin in kina so, ba mai taɓa miki. Juma'a mai zuwa zan zo da jaki. In kin hau, to. In ba ki hau ba, na daina tambaya."

Ta san abin da ke can. Akwai tuwo, akwai dangi, akwai hirar da ke mutuwa in ta iso. Ba Lahadi a can, duk ranakun ɗaya ne. Nan kuma akwai Lahadi, amma ba ta san abin da take yi a cikinta ba ban da cewa amin. In Ubangiji na da aiki dominta a Wudil, za ta zauna ko da ba mai yi mata magana har ta mutu. In ba shi da shi, gara ta je ta yanki dawa. Ita dai a gaya mata.

Ranar Lahadi bayan an tashi, ta tsaya har kowa ya watse. Ta durƙusa daga nesa.

"Malam, wata alfarma nake nema."

"Faɗi, 'yar'uwa Talatu." Ya sa tabarau, ya dubi inda ba ta.

"Tun da kuna magana da Ubangiji kullum, ko za ka tambayar mini shi. Me yake so in yi? In zauna nan, ko in koma gida?"

Malam Ɗantani ya yi gyaran murya. Ya ce al'amuran da suke tattaunawa manya ne, akwai batun ginin ɗakin sujada na kwano, akwai batun ƙasashen gabas har Barno, amma zai duba in an sami sarari. Ya ce ta dawo ranar Laraba.

A kwanakin nan Talatu ba ta yi wa Ubangiji tambaya ba, don kada maganar ta zo ta hanya biyu ta rikice. Ta dai ƙara man shanu a miya.

Ranar Laraba ta same shi yana goge malafa.

"Na gabatar da maganarki," in ji shi.

"Me ya ce, Malam?"

"To. Ya yi maganar akawu. Ya yi maganar kafinta ma, kaɗan. Da na kawo sunanki sai aka yi shiru."

"Shiru."

"Shiru. Kin san kira ba na kowa ba ne. Akwai waɗanda aka zaɓa, kamar a ce ni, akwai kuma jama'a. Ba laifi ba ne mutum ya zama jama'a. A ganina, tun da ba a ambace ki ba, ba wani aikin da aka tanadar miki a garin nan. Ki koma wajen danginki, ki riƙa addu'a." Ya hura wa malafar iska. "Jibi ma Fasto zai zo daga Kano ganin shaidar nan. Da kina nan da kin share mana rumfa."

Ta yi godiya. Ba ta yi mamaki ba, shirun ta san shi, shi take ji kullum. Abin da ya yi mata ciwo shi ne har a wajen Malam ma haka aka yi. Ta biyo ta bakin kogi ba don tana da abin yi a can ba. Ruwa ya fara janyewa, yashi ya fito, masunta na shanya koma. Ta zauna ta kalli wata mota ɗauke da buhunan gyaɗa tana hawa gada da ƙyar. Ta ce, "Ubangiji, ba komai. Da ma tambaya ce." Ta jira kaɗan ko za a ce wani abu. Wani masunci ya yi kaki ya tofar.

Da magariba ta kai tuwo a murfin tukunya. Washegari ma haka, a wani tsohon kasko.

Ranar Juma'a ta tashi da sassafe, hannunta ya zuba dawa a turmi, ta yi surfe ta gama kafin ta tuna yau ba ita za ta tuƙa ba. Ta bar shi nan. Ta naɗe tabarma, ta ɗaure zannuwanta biyu da Littafi a tsakiya. Labaran ya iso da hantsi, ya ɗora kayan a kan jaki, ya ce wannan ai ko kaza ta ɗauka. Talatu ta je ƙofar Hansai ta durƙusa.

"Iya, zan tafi. A yafe mini."

Hansai na zaune ta ba ta baya, tana tsince gyaɗa. Tun jiya ta ji labarin.

"Wa ya ce ki tafi?"

"Malam ya tambayar mini. An ce ba ni da aiki a nan."

"Wane malamin? Mai ƙararrawa?"

"Shi."

"Shi ne baƙon?"

Talatu ta sunkuyar da kai.

"Na sani tun ranar da na ga ya fara tumbi." Hansai ta ture faifan gyaɗa. "To ki tafi. Ni ina ruwana, da ma ni kaɗai na saba. Amma ba a bar gida da kayan aro a waje. Ina akushina? Ina ƙwaryata? Ina langar Indo?"

"Iya, ya ce ba a mayarwa."

"In ji wa?"

"Kayan sama ne."

Hansai ta juyo gaba ɗaya. Ta sa Talatu ta maimaita. Ta maimaita. Tsohuwa ta miƙe, ta yafa mayafi, ta ɗauki babban kwandon da ake kai ƙuli kasuwa, ta ce, "Wuce mu je. Kai ma mai jaki biyo mu, ƙila a yi lodi."

Sun tarar an share rumfa, sharar namiji. Fasto ya riga ya sauka daga motar kasuwa, wani dattijo siriri mai furfura, ƙafarsa duk ƙura, yana zaune kan kujerar da kafinta ya kawo. Akawu ya nemi izini daga ofis ya zo da matarsa. An fito da akwatin ƙarfe tsakiyar rumfa, an jera shaida a kai da kewaye, don ta fi ƙarfin akwatin. Malam Ɗantani na tsaye da malafa da tabarau, ya kama gefen farin ƙyalle, yana bayanin bambancin da ke tsakaninsa da annabin nan na da.

"Salamu alaikum," in ji Hansai. Ba ta jira amsa ba ta shigo ta dire kwando.

"Iya, sujada muke," in ji Malam Ɗantani.

"Ku yi abinku, ɗan nan, ni kayana zan kwasa." Ta yaye ƙyallen.

Ta ɗauki akushi ta kife shi, ta nuna wa Fasto gindin. "Malam, kai ne babba. Ka ga wannan ƙunar? Ni na yi ta da bakin wuƙa, shekarar da aka yi fara." Ta jefa a kwando. Ta ɗauki ƙwarya. "Ka ga ɗinkin nan? Aikin gyartan nan ne na ƙauyen Utai, mai ido ɗaya. In ana shakka yana kasuwa yanzu haka." Ta ɗauki kasko ta dube shi. "Har da kaskon kaji, Talatu? Kai, Allah ya shirye ki."

Matar akawu ta tambayi mijinta da yarensu, ya amsa mata a gajarce. Kafinta ya ce me aka ce. Ba wanda ya yi masa ihu.

Da Hansai ta zo kan langa sai ta rage sauri. Ta duba murfin, ta duba gefen, ta shafa furannin da bakin mayafi. Ba ta sa ta a kwando ba, ta rungume ta.

Fasto ya yi tambaya ɗaya. "Iya, ke kike kawo masa?"

"Ni? Ina ni ina ciyar da ƙato. Ga ta nan." Ta nuna Talatu da haɓa. "Ita ke surfe, ita ke niƙa, ita ke tuƙi, ta saci jiki da magariba kamar mai laifi. Shi kuma ya ci ya ƙoshi ya ce mata Allah bai san da ita ba, ta koma ƙauye. To ga jakin can. Yau sai mu ga wanda zai sauko."

Duk aka juyo ana kallon Talatu. Ita ba su take kallo ba. A cikin kwando, kan akushi, akwai wani ɗan ƙoƙo mai baki a gefe. Ita ta kai shi da miya wata rana da ta rasa abin zubawa, ba ta ma lura ba. Ƙoƙon da Hansai ke ajiye mata fura ne a ƙofar ɗaki. Tun ranar da ya ɓace, a murfin tulu ake ajiye mata, ba a fasa ba ko sau ɗaya, ba a kuma tambaye ta ina ƙoƙon ba. Kullum takan dawo daga ƙofar Malam tana cewa ita ba a taɓa aiko mata kowa ba, ta tsallake furar, ta shiga ta durƙusa ta saurari shiru, sannan ta fito ta sha. Ta dubi Malam Ɗantani da malafarsa. Shi ko ba komai yana ce wa Ubangiji an gode.

Labaran ya leƙo daga bakin rumfa. "Talatu, rana na yi. Mu kama hanya."

Ta fita wajensa. Ta tsaya jikin jaki ta dafa ƙullin kayanta, ta ji kusurwar Littafi ta cikin zane.

"Yaya, sauke."

"Me ya faru? Allahn naku ya yi magana?"

"Ban ji komai ba."

"To?"

"Na bar surfe a turmi. Ga baƙo kuma daga Kano, ba wanda ya ba shi ko ruwa."

Labaran ya dube ta, ya dubi rumfa, ya yi tsaki ba mai zafi ba. Ya kwance igiya ya miƙa mata ƙullin. Ya ce in an gama kaka zai aiko mata da dawa, tun da abin ya zama ciyar da gari. Ta ce ya gaida gida, ta bi su ɗaya ɗaya da suna, har kare. Ta tsaya tana kallonsa ya ja jakinsa ya shiga cikin masu shanu, har ta daina gane hularsa. Sannan ta koma ciki ta ɗora ƙullin a ka, ta kama kunnen kwando ɗaya, Hansai ta kama ɗaya.

Malam Ɗantani ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce wa Fasto al'amarin yana da zurfi, ba kowa zai gane shi da sauri ba. Ya ce kwanuka dai, to, ya yiwu na ƙasa ne, an yi amfani da su. Tuwon ma ya yarda akwai hannun mutum a ciki.

"Amma miyar," in ji shi, ya ɗaga yatsa. "Miyar nan, Baba Fasto, ƙamshinta ba na duniyar nan ba ne. Wannan na tsaya a kai."

Hansai ta juyo daga bakin rumfa, langa a ƙirjinta.

"Daddawata ce," in ji ta.